Gurbin da Ke Kan Benci

Gyadi-Gyadi, Kano,
16 ga Yuni, 2011.

Zuwa ga ƙanena Isyaku, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Allah ya bar maka idonka da bayanka, don na san shekarun da suka danne ni ba su tsallake ka ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Ubangiji. Damina ta sauka, an yi ruwa uku masu ƙarfi, lungunmu ya koma yadda ka san shi, sai mutum ya naɗe wando kafin ya kai bakin titi. Masu neman ƙuri'a sun zo sun rantse za su yi mana kwalbati, an yi zaɓe, sun tafi. Ƙanwarmu Uwani tana nan a Unguwar Gano, ƙafa ce ke damunta, amma bakin yana nan garau. Ɗana Ɗahiru ya samu ƙaruwar 'ya mace watan jiya, an mayar mata da sunan uwarsa, marigayiya Sadiya.

Ka san ban yi boko ba, kuma har yau ban ga abin da na rasa ba. Maƙwabcinmu Malam Ezekiel, mutumin Kafanchan ɗin nan da yake koyarwa a firamare lokacin da kake nan, shi ke riƙe da biro. Ya yi ritaya, yanzu ba shi da aiki sai jin rediyo da musu da ni. Na ce masa ya rubuta maganata yadda ta fito, kada ya goge mata ƙaiƙayi. Kuma tun daga nan ina so ka sani, ba don na huce na aiko maka ba. Ban huce ba. Aiki ne ya taso wanda aka ce ba ya yiwuwa sai da kai, shi ya sa.

Ga yadda abin yake. Yanzu Ɗahiru ne ke tsaye a shagon takalma, ni ina zama ne in yi ɗinkin hannu in kuma hana su ɓarna. Tun bara ya dame ni wai sai an buɗe wa shago shafi a intanet. Da na tambaye shi mene ne haka, ya ce kamar wani shago ne a cikin kwamfuta, mutum yana zaune a Abuja ko Legas zai ga takalmanmu ya zaɓa, a aika masa. Na ce masa wanda bai shinshina fata ba, bai lanƙwasa ta a hannunsa ba, ta yaya zai san abin da yake saye? Sau uku ina hana shi. A na huɗu bai tambaye ni ba, sai kawai na gan shi ya shigo da Miriam, 'yar Malam Ezekiel. Za ka tuna ta, ita ce wadda take tsinka maɗaurin takalmin makaranta duk mako, kana gyara mata kana yi mata faɗa. To, yanzu uwar 'ya'ya uku ce, tana da ofishinta a Tarauni, wannan aikin na shafi shi ne sana'arta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce da ni Baba, sai na rasa ta inda zan kore ta.

Na zaci za ta buɗe kwamfuta ta yi ta danne-danne ta ba mu abinmu. Ina! Takarda ta fito da ita da fensir. Ta ce ita ba ta taɓa ginin shafi sai an zauna da masu abu an gama yanke yadda fuskarsa za ta kasance, don idan an gina aka dawo ana cewa a sauya, rushewa ake yi a sake. Ta zana akwati-akwati a takarda: nan sama suna zai zauna, nan babban hoto, nan ƙasa jerin takalma. Ta ce abu uku take so mu daidaita kafin komai, launi da suna da hoto. Gaskiya a nan ta ɗan shiga raina, don haka Baba ya koya mana, Allah ya jiƙansa. Ba ya barin wuƙa ta taɓa fata sai mai takalmi ya taka takarda an zagaye ƙafarsa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa haka yake so. Ban dai gaya mata ta burge ni ba, kada ta samu kaina.

Da launi muka fara, kuma nan muka cinye mako guda. Ɗahiru ya ce shuɗi da ruwan gwal yake so, wai ya fi kama da na manya. Na ce masa mu dukawa ne, ba banki ba. In dai shafin na shagon Baba ne, to jan fatarmu za a sa, wanda aka san mu da shi tun daga Gyadi-Gyadi har Daurawa. Miriam ta dawo da wani kati mai ja iri goma sha biyu, ta shimfiɗa mini. Wani kamar tumatir, wani kamar jinin rago, wani kamar bulo. Na ce babu shi a ciki. Ta ƙaro wasu, na ce babu. Ɗahiru ya fara huci, ya ce Baba ja ai ja ne, ya ɗauko takalmi daga kan kanta ya ce a ɗauki wannan a wuce wurin. Na ce wannan na kwalba ne da kake sayowa a kasuwa, ba namu ba ne. Sai Miriam ta ce, ita ba za ta iya ganin abin da ke cikin kaina ba, in da akwai abin da ya rage mai wannan launi, in kawo mata ta gani da idonta.

Na shiga gida na jawo akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. A ciki akwai takalmi sau-ciki ƙafa biyu, daga fatar ƙarshe da ka rina kafin ka tafi. Ba wanda ya san ina da su, ko Sadiya ba ta sani ba har ta koma ga Allah. Mutane da yawa sun nemi irinsu na ce sun ƙare. Da na warware tsumman a gabansu, Ɗahiru ya saki baki yana kallona, na ce masa ya rufe bakinsa kada ƙuda ya shiga. Miriam ta kai su bakin ƙofa inda haske yake, ta juya su, ta ce lallai Baba yana da gaskiya, wannan jan daban ne, kamar akwai wuta a ƙarƙashinsa. Bayan kwana biyu ta dawo da irin jan a takarda. Ya yi kusa ƙwarai. Na ce mata ba laifi.

Tunda magana ta zo nan, bari in faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara goma sha biyu ina jiƙa karan dafi da kanwa, yadda na ga kana yi, ban taɓa samun jan nan ba. Wani lokaci ya yi duhu, wani lokaci ya koɗe kafin a kai ga ɗinki. Na sauya tukunya, na sauya ruwa, na je har majema na ce su ne suka ɓata jima, muka yi cacar baki da tsofaffinsu. Na san ba laifinsu ba ne. Akwai abin da hannunka ke yi wanda idona bai kama ba, don a lokacin ban ga dalilin kallo ba. Na ɗauka kullum kana nan.

Sai maganar suna. Ka san allon da ke saman ƙofa, wanda aka rubuta Lawan da Isyaku, Dukawa. Watan da ka tafi na sa mai fenti ya shafe naka, ban ɓoye ba, na san Uwani ta gaya maka tuntuni. To, lokacin zaɓen bana yaran 'yan siyasa suka bi shaguna da fosta, suka lulluɓe allon da fuskar wani mai neman kujera, ko izini babu. Miriam ta ce tana son ɗaukar hoton allon don ta kwaikwayi irin rubutunsa a saman shafi, sai Ɗahiru ya hau tsani ya ɓamɓare takardun. Gam ɗin ya taho da fentin. Ga sunanka nan ya fito, ya ɗan dusashe amma ana karantawa. Ni da ban iya karatu ba ma na gane shi, don na san inda yake zaune.

Miriam ta tambaya ko Baba Isyaku yana da hannu a shagon har yanzu. Na ce ni kaɗai ne mai shago, wanda ya tafi ya tafi. Rashin sa'a, ranar Uwani ta zo duba jaririya, tana zaune a ciki tana shan fura. Sai ta ɗaga murya ta ce Yaya ka ji tsoron Allah, shagon nan Baba ya bar muku ku biyu, ba a taɓa rabawa ba, fenti kuma ba alƙali ba ne. Na ce mata ta ji da ƙafarta. Amma magana ta riga ta fita. Miriam ta rufe fayil ɗinta a hankali, ta ce in yi haƙuri, tana da ƙa'ida ɗaya da ba ta karyawa: duk wanda yake da ta cewa a kan abu, sai ya ga zanen ya sa hannu kafin ta fara gini. Ta ce ta taɓa yi wa wasu dangi aiki a Hotoro, ta gama tsaf, sai wani kawunsu ya dawo daga tafiya ya ce wa ya ba su izinin cire sunan kakansu, aka rushe aikin wata biyu, dangin kuma har yau ba sa ga maciji da juna. Tun ranar ta yi alkawari ba za ta sake zama sanadin irin wannan ba.

Na yi faɗa, ba zan ɓoye maka ba. Na ce yarinyar da aka haifa a gabana ita za ta kafa mini doka a shagon ubana? Na kai ƙararta wurin ubanta, ga shi nan zaune. Ya ce mini tun tana ƙarama in ta ce ba ta cin tuwo sai dai a kwashe kwano, kuma wai a unguwar nan ya san mutum ɗaya tak da ya fi ta taurin kai. Ɗahiru ya ce abin ai mai sauƙi ne, yana da lambarka, zai buga maka a gama cikin minti biyu. Nan ne na san ashe kuna waya. Na hana shi. Na ce in dai maganar shagon Baba ce, ba ɗa ne zai yi ta da ƙanena ba, ni zan yi.

To, ga ni ina yi, kuma sai ka ji abin da ke raina tukuna. Shekarar da soja suka miƙa mulki, kowa yana ta murnar sabon zamani, ka je ka ɗauko keken ɗinkin takalmi ka dasa shi a tsakiyar shago ba ka ce da ni uffan ba. Ni ne babba. Da ka zo ka ce Yaya ga abin da nake tunani, da na ƙi, da ka sake zuwa, da wataƙila na yarda a na biyar, ka san halina. Amma sai dai na dawo daga masallaci na tarar da ƙarfe yana ƙara a inda Baba yake zama. Na ja shi na fitar titi, na ce wanda yake son keke ya bi kekensa. Kai kuma ka bi. Ko sallama ba ka yi mini ba, a bakin mutane na ji wai ka hau motar Legas, daga baya aka ce Kumasi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi ciwo. Da Sadiya ta rasu, matar da ta yi shekara ashirin tana zuba maka tuwo, ta'aziyyarka ta hannun Uwani ta iso. Kwana bakwai ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, duk motar da ta tsaya a bakin lungu sai na ɗaga kai. Mutane suna zaton addu'a nake amsawa.

Yanzu keke uku ne a shagon, Ɗahiru ya kawo su ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ja ko ɗaya waje ba, don bayana ba zai iya ba. Ban ce ka yi daidai ba. Na ce dai keken yana ɗinki. Kuma abin da na yi maka a gaban masu saye da maƙwabta, har da yara suna kallo, Baba ba zai yi wa bare haka ba, balle ɗan'uwa. Malam Ezekiel ya ɗago kai yana tambaya ko ya rubuta cewa na ba da haƙuri. Na ce ya rubuta abin da na faɗa, kai ka san yadda za ka karanta shi.

Saura hoto, kuma shi ne ya hana ni sakat. Miriam ta ce ko da ba za a fara gini ba, gara a ɗauki hoton da zai zauna a babban akwatin nan na sama, don a haɗa a aiko maka ka ga komai. Ta ce ba ta son in tsaya ƙiƙam kamar hoton fasfo, in zauna inda na saba in riƙe basilla da zare kamar ina aiki. Aka fito da dogon bencinmu bakin ƙofa saboda haske, na sa farar riga, na zauna. Ta duba ta cikin abin hoton ta ce Baba matsa tsakiya. Na matsa. Ta gyara tsayuwa, ta ɗago, ta ce Baba ai ka koma. Wallahi ban san na koma ba. Sau uku ana haka. Da na sunkuya na soka basilla, sai jikina ya zame ya koma ƙarshen hagu, in tattara gwiwar hannuna ta dama kada ta bugi mutum. Ɗahiru ya ce ai kullum haka nake zama, a takure a gefe guda, kuma duk wanda ya zo zai zauna a dama sai in ce ya ɗauko kujera. Na ce ƙarya yake yi. Uwani, da ranar ma tana gidan, ta ce gaskiya ne, ita ma na taɓa tashinta.

Miriam ta ɗauka a haka. Da ta kawo hoton a takarda na daɗe ina dubawa. Ga tsoho a maƙure a gefe, ga rabin benci babu kowa, katakon wurin har ya fi sauran santsi saboda shekarun da ka yi kana zama. Ta ce a wurin aikinta wannan ba aibi ba ne, masu zane suna son fili irin wannan, nan za ta ɗora rubutu, sunan shago da lambar waya, ya zauna daram. Na ce ba za a rubuta komai a wurin ba. Ta ce to a yanke hoton a bar ni ni kaɗai. Na ce ba za a yanke ba. Ta ce akwai hanya ta uku, ka aiko da hotonka daga can, ita za ta iya haɗa shi da nawa a kwamfuta, ba mai gane cewa ba tare muka zauna ba. Ɗahiru ya ce shi ke nan an huta. Na ce ni zan gane. Ba na son a liƙa mini ƙanena kamar fostar 'yan siyasa. Daga nan Miriam ta tattara takardunta ta ce za ta jira.

Alhaji Audu mai goro zai taso jibi, shi zai kawo maka wannan. A cikin ambulan akwai zanen shafin, da takardar jan da aka zaɓa, da hoton. Ka duba jan da kyau a hasken rana, in bai yi ba ka faɗa, kai ne mai shi. Sunan kuma na ce a bar shi yadda yake a allo tun farko, in ka yarda ka sa hannu a ƙasa kusa da inda na dangwala yatsa. Miriam ta ce za ta riƙe mana wuri har mako guda bayan ƙaramar Sallah, daga nan tana da aikin wasu, kuma Ɗahiru ya yi haƙuri da ni iyakar yinsa, ba zan ƙara tsare masa hanya ba. Sa hannu dai takarda za ta iya ɗaukowa. Zama a benci kuwa sai da mutum.

Ka gaishe mini da matarka Jummai, ka ce ina tuna dambunta. Ka gaishe da Zakariyya, an ce ya yi aure har da ɗa, ban san fuskar matar ba balle ta jikan. Ka gaishe da Ɗanladi da sauran yaran da aka haifa a can, waɗanda ba su san suna da wani uba a Kano ba. Uwani tana gaishe ka, ta ce in gaya maka ita ta gaji da zama ɗan aike tsakanin tsofaffi biyu. Ɗahiru da maiɗakinsa suna gaisuwa. Malam Ezekiel ma ya ce a sa tasa.

Isyaku, na haura saba'in, idona na dama ya fara hazo, zare ma sai an zura mini. Ban iya roƙo ba, ka sani, kuma ba yau zan koya ba. In za ka zo, ka zo a yi Sallah da kai, a ɗauki hoton nan yadda ya kamata, ka koma in kana so, ba zan riƙe ka ba. In kuwa ba za ka zo ba, kada ka aiko Uwani, kada ka bi ta wayar Ɗahiru. Ka sa a rubuto mini, ni Lawan, da bakinka, cewa ba ka zuwa. Ranar da aka karanta mini, zan sa a kira Miriam, in zauna a tsakiya, ko da sai an riƙe ni.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne yayanka,
Lawan Baduku.